Ra'ayinmu: Roba da ciwon suga: abin da gwajin fitsarin Jidda ya nuna, da inda ya tsaya

Makonni uku da suka wuce na taso daga aikin dare, ko kayan aiki ban cire ba, sai ga kiran wata dattijuwa 'yar garinmu da ke zaune a kudancin Jidda. Ta ba shekara sittin baya, kuma shekararta tara tana shan maganin ciwon suga. Ta ce, "'Yata, ki daure ki zo ki duba ni. Ƙafafuna kamar an zuba musu barkono, ga ƙishirwa ta hana ni barci." Na ɗauki na'urar gwaji na tafi. Da na soki yatsanta, lamba ta haura 400. Na ce, "Hajiya, ina maganinki?" Ta kawar da kai, ta ce wata guda ke nan da ta ajiye shi.

Dalilinta shi ne wani saƙon murya da aka turo zauren WhatsApp na matan unguwa. Mai maganar ya rantse cewa Turawa sun gano roba da leda ne kaɗai ke kawo ciwon suga, cewa an yi binciken a nan Jidda, kuma duk wanda ya zubar da robobin gidansa ya sha wani maganin wankin jini ya rabu da ciwon har abada. Hajiya ta kwashe robobinta ta zubar, ta sayi kwalbar maganin riyal 150, ta tura ƙwayoyin asibiti ƙarƙashin katifa. Ranar muka kai ta asibiti, ta yi kwana huɗu a kwance. Alhamdulillahi ta samu sauƙi, ta koma kan maganinta.

Ban yi wa saƙon nan dariya ba, domin ƙaryar da ta fi ɓarna ita ce wadda aka cuɗa da gaskiya. An yi bincike a Jidda, wannan haka yake. Sinadaran da ake magana a kansu suna nan, suna cikin jikina da naki da naka. Abin da mai saƙon ya ƙara daga bakinsa shi ne ya kusa halaka Hajiya. Shi ya sa na ga ya dace wannan shafi ya tsaya ya tsefe maganar.

Jikin ɗan Adam yana da 'yan aike da ake kira homon. Wata gaɓa ce ke sakin su cikin jini, su je su isar da umarni ga wata gaɓar: a girma, a balaga, a adana kitse, a ƙona suga. Insulin ɗaya ne daga cikinsu. Fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ita ke yin sa, aikinsa kuwa shi ne buɗe ƙofar tsoka da hanta domin sugan da ke yawo cikin jini ya shige. Ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi addabar manya, yana samuwa ne idan ƙofofin suka daina jin kiran insulin, fankiriyas ta yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru har ta gaji.

To akwai sinadaran da masana'antu ke yi waɗanda surarsu ta yi kama da ta 'yan aiken nan. Idan sun shiga jiki sai su yi sojan gona, su isar da saƙon da ba a aiko su da shi ba, ko su tare hanyar ɗan aiken gaskiya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a farkon 2013 ya ce kusan sinadarai 800 ne aka sani ko ake zargin suna iya yin haka. Wanda ya fi suna shi ne BPA. Wani masani ɗan Rasha, Aleksandr Dianin, ya fara haɗa shi a 1891, kuma tun shekarun 1930 aka gano yana kwaikwayon homon ɗin mata. Duk da haka daga baya aka mayar da shi kayan yin roba mai tauri, da shafen cikin gwangwanin abinci, da takardar rasit da muke kira fatura a nan. Sai dangin fitalet, masu sa roba ta yi laushi, ana kuma sa su a turare don ƙamshi ya daɗe. Sai faraben, da ke hana man shafawa, kayan kwalliya da wasu magunguna lalacewa. Sai kuma tsofaffin guba masu zama cikin kitse, irin su DDT da PCB da dayoksin.

Yanzu ga binciken Jidda. A tsakanin 2015 da 2016, masana daga Jami'ar Sarki Abdul'aziz tare da Farfesa Kurunthachalam Kannan, wanda a lokacin yake cibiyar Wadsworth ta jihar New York a Amurka, sun karɓi fitsarin mutum 101 mazauna wannan gari, 'yan shekara 28 zuwa 68. Mutum 54 masu ciwon suga ne, 47 ba su da shi. Suka auna sinadarai 23 a ciki, suka wallafa sakamakon a 2018. Abin da suka gani shi ne, waɗanda wasu sinadaran suka fi yawa a fitsarinsu, musamman dangin faraben, sun fi yawa a ɓangaren masu ciwon. A 2019 suka sake fitar da wani kan fitalet, nan ma suka ga alaƙa.

Wannan aiki ne mai kyau, kuma ya dace da garin da aka yi shi. Binciken da Farfesa Suhad Bahijri ta wannan jami'a ta jagoranta a gidajen Jidda, wanda ya fito a 2016, ya nuna cewa a cikin waɗanda suka kai shekara 50, kashi 46 cikin ɗari na maza da kashi 44 na mata suna da ciwon suga. Kusan rabi ke nan fa. Duk wanda ya yi aikin jinya a nan bai buƙatar a karanta masa wannan lamba, yana ganinta kullum a kan gadaje. Ruwa ba ya tsami banza, don haka neman duk wani dalilin da ya ɓuya abu ne da ya kamata.

Sai dai a san yadda ake awon, domin a nan ne mai saƙon murya ya yi tsalle ya tsallake rami. Ana ɗaukar fitsari a daskarar da shi, a kai shi wata na'ura mai tsadar gaske da ke rarrabe sinadarai ta nauyinsu. Abin da ake nema ƙanƙani ne ƙwarai, ana lissafa shi da ɗaya cikin biliyan. Kwatancinsa kamar a narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri cikin ruwan da zai cika tankokin mai 150 masu lita 33,000. A irin wannan ƙanƙanta, ko robar da aka zuba fitsarin a ciki tana iya ɓata sakamako, shi ya sa masana suka fi auna burbushin da hanta ta riga ta sarrafa, wanda ke tabbatar da cewa sinadarin ya bi ta cikin jiki. Sannan fitsarin wanda ya sha ruwa da yawa ba ɗaya yake da na wanda ya wuni a rana ba, dole a daidaita lissafin da wani abu da ƙoda ke fitarwa mai suna kiriyatinin.

Matsala ta farko ita ce lokaci. BPA da fitalet da faraben ba sa daɗewa a jiki. Cikin kamar awa shida rabin BPA ya fita, kafin kwana ɗaya kusan duka ya bi fitsari. Ke nan gwajin yau labarin abin da ka ci jiya kawai yake bayarwa. A 2011 masana a Jami'ar Harvard sun ba mutum 75 miyar gwangwani kwana biyar a jere, BPA ɗin fitsarinsu ya ninka fiye da sau goma. Ka ga mutum ɗaya zai iya zama a sahun sama ranar Litinin, ranar Alhamis ya dawo ƙasa. Ciwon suga kuwa yakan ɗauki shekara goma ko fiye yana ginuwa. Fitsarin safiya ɗaya ba zai iya ba da shaidar shekara goma ba.

Matsala ta biyu, wa ya riga wani? An auna mutanen Jidda ne bayan sun riga sun kamu. A matsayina na mai raba magani kullum, na san mai ciwon suga ya fi kowa shan ƙwayoyi, ya fi kowa shafa mai a ƙafa saboda bushewar fata, kuma irin waɗannan kayan sukan ƙunshi faraben ko fitalet. Ya fi kowa shan ruwa, ƙodarsa ma tana iya tace abubuwa daban da ta mai lafiya. Don haka yana yiwuwa sinadarin ya taimaka wajen kawo ciwon, yana kuma yiwuwa ciwon ne ya sa sinadarin ya yi yawa a fitsari. Matsala ta uku, wanda ya fi cin abincin gwangwani da na fakiti da lemon kwalba shi ne zai fi tara BPA, shi ne kuma zai fi tara teɓa. Raba laifin gwangwani da laifin abin da ke cikinsa ba ƙaramin aiki ba ne, balle da mutum 101.

Kada wani ya ɗauka ina wanke sinadaran ne. Hujjar da ke kansu ba ta tsaya a Jidda ba. A 2008 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga binciken mutum 1,455 da ya nuna alaƙar yawan BPA da ciwon suga da na zuciya. A Faransa an ɗauki fitsarin mutane tun suna lafiya, aka bi su shekara tara, sakamakon da ya fito a 2019 kan mutum 755 ya nuna waɗanda ke ɗauke da BPA mai yawa, ko ɗan'uwansa BPS, sun fi kamuwa daga baya. A babban binciken ma'aikatan jinya mata na Amurka, 'yan'uwana a sana'a, an ga alaƙar a 2014 ga masu matsakaicin shekaru, ba a gan ta ga tsofaffi ba. A ɗakin gwaji na Angel Nadal a Sifaniya, ɓerayen da aka ba BPA kwana huɗu kacal sun fara ƙin jin insulin. Wasu binciken kuma sun duba ba su ga komai ba, wannan ma a faɗe shi.

Inda hujja ta fi nauyi shi ne gubar da ke zama cikin kitse, domin tana shekaru a jiki, awon jini sau ɗaya yana ba da labari mai tsawo. A 2006 Duk-Hee Lee, masaniya daga Koriya ta Kudu, ta duba jinin Amurkawa 2,016, ta ga ciwon suga yana hawa daidai da hawan wannan guba. Abin da ya fi ba mutane mamaki, a cikin waɗanda ba a ga gubar a jininsu ba, ciwon bai yi yawa ba ko ga masu ƙiba. A Taiwan, matan da suka ci man shinkafa mai gurɓacewar PCB a 1979 sun fi takwarorinsu kamuwa bayan shekaru. Gwamnatin Amurka kuwa tun 2001 take biyan diyya ga tsofaffin sojojinta na yaƙin Biyetnam masu ciwon suga, saboda dayoksin da ke cikin maganin kashe daji da aka fesa a can. Wannan ya shafe mu kai tsaye a gida. Su Gamalin da aka daɗe ana zuba wa amfanin gona har da kama kifi da shi suna cikin dangin gubar da yarjejeniyar Stockholm ta haramta. Fiya-fiya da ake barbaɗa wa wake, wanda ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015, dabam yake da su, amma shi ma ya fito a jerin magungunan ƙwarin da wani binciken manoman Amurka sama da 30,000 ya danganta da ciwon suga a 2008.

Hukumomin Turai ba su jira an gama muhawara ba. A Afrilun 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta rage adadin BPA da take ganin jiki zai iya ɗauka a rana har sau 20,000, a Disambar 2024 kuma Tarayyar ta haramta shi a duk abin da ke taɓa abinci. Faransa ta riga su tun 2015.

Matsayinmu a wannan shafi shi ne: waɗannan sinadarai abin zargi ne na gaske, mai yiwuwa suna ƙara wa ciwon suga ƙarfi a cikin jama'a, kuma rage su abu ne mai sauƙi da arha. Amma ba su ne jigon ciwon ba, kuma ba wanda ya taɓa warkewa don ya zubar da roba. Gado, shekaru, teɓa, zaman wuri ɗaya, shinkafa da burodi safe da dare, shayi mai cokali huɗu na suga, lemon kwalba bayan kowane buros, waɗannan su ne manyan. Mu nan Jidda daga ɗaki mai sanyi sai mota, daga mota sai wurin aiki, zafi da gumi sun hana mu takawa. Wanda ya rungumi waɗannan ya tsaya yaƙi da leda, ya bar jaki yana dukan taiki. Binciken rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka, wanda ya fito a 2002, ya nuna rage kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari ga waɗanda ke bakin gaɓa. Har yau ba a samu wata robar da barinta ya yi irin wannan aiki ba.

Saboda haka idan wani ya ce ki kawo kuɗi a gwada miki gubar roba a jiki, ki riƙe kuɗinki. A awon da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi wa mutum 2,517, an samu BPA a fitsarin kashi 93 cikin ɗari. Kusan kowa za a samu, ba wata lambar da likitoci suka amince cewa daga nan ne haɗari ya fara, kuma sakamakon ba zai canza maganin kowa ba. Wannan gwaji na masu bincike ne, amfaninsa sai an tara dubban mutane. Maganin wankin jini kuwa, hanta da ƙoda suna yin aikin kyauta tun kafin a haifi mai tallar. Gwajin da zai amfane ka shi ne na suga: idan ka kwana ba ka ci komai ba aka samu 126 ko fiye, aka maimaita aka sake samu, ciwo ne; daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Gwajin HbA1c, mai ba da labarin kusan wata uku, 6.5 ne iyakarsa.

Abin da za a iya yi a gida ba shi da yawa. Zafi da maiƙo su ke jawo sinadari daga roba zuwa abinci, to a raba abinci mai zafi da roba. In za ka sayo ful da safe ka tafi da kwanon silba ko na tangaran. Alala a koma yin ta a ganye ko ƙananan kwanonin ƙarfe, tuwo a kwashe a kwano, koko da kunu a kofi. Farar leda ba da BPA ake yin ta ba, amma baƙar ledar da aka narka tsofaffin robobi aka yi, ba wanda zai iya gaya maka abin da ke cikinta. Kada a ɗumama abinci cikin roba. Manyan galan na ruwa masu tauri, waɗanda ke da lamba 7 ko haruffan PC a gindinsu, a ajiye su a inuwa, wanda ya tsufa ya yi zane-zane a mayar da shi. A rage abincin gwangwani. Masu aiki a bagala da kantuna da ke wuni riƙe da fatura su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci. Mu mata kuma, masu son turare da man bilicin, mu sani Dakta Iman Al-Saleh ta Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad ta gwada turaruka 47 ta samu fitalet a akasarinsu. Ba na ce a daina ƙamshi ba, a fesa a tufafi maimakon fata, mai ciki kuma ta rage. Rubutun "babu BPA" a jikin roba kada ya rufe mana ido, sau da yawa BPS aka musanya, ba cinya ba ƙafar baya. Kuma wannan ƙoƙari yana aiki da wuri: iyalai biyar a San Francisco da aka ciyar da abinci sabo kwana uku, BPA ɗinsu ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Kira na farko ga malamanmu na gida. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya ƙiyasta masu ciwon suga a Najeriya da kashi 5.77 cikin ɗari, arewa maso yamma kuma kashi 3, mafi ƙanƙanta a ƙasar. Wannan dama ce. Yanzu ne lokacin da Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo za su haɗu su ɗauki fitsari da jinin mutane tun suna lafiya, ba sau ɗaya ba, su adana, su bi su shekaru kamar yadda Faransawa suka yi. Da ɗan kasuwar Kwari mai shan fiya wata da ya wuni a rana, da manomin Ɗanbatta mai feshi ba safar hannu, da 'yan'uwansu da suka yi shekara ashirin a Jidda, jini ɗaya ne cikin muhalli daban, kuma wannan kwatanci zai koya wa duniya abin da Amurka ba za ta iya koya mata ba. Kira na biyu ga NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON: a fito da ƙa'ida bayyananniya kan ledar da ta halatta a zuba wa abinci, a sa alamar da mai tuwo-tuwo za ta gane ko ba ta yi boko ba.

Kira na uku gare mu mazauna nan. Na san da yawa daga cikinmu suna gudun asibiti saboda igama ko rashin inshora, shi ya sa saƙon murya ya zama likitansu. Ƙungiyoyinmu na gari-gari da ke tara kuɗin biki da na kai gawa, su ware kaɗan su sayi na'urar awon suga a kantin magani, a riƙa gwada manya a ranar taro. Muna da ma'aikatan jinya da likitoci 'yan gida da ba za su ƙi ba da awa ɗaya ba, ni ma ga ni. Kuma duk wanda saƙo ya zo masa cewa a bar maganin likita, don Allah kada ya tura gaba, ko da an ambaci sunan jami'a a ciki.

Jiya na leƙa Hajiya. Ta sayi kwanonin silba, na ce ta kyauta, ta ci gaba da amfani da su. Ta miƙo yatsa da kanta, lamba ta nuna 138 bayan karin kumallo. Ta ce, "To 'yata, robar fa?" Na ce, "Hajiya, robar a bar ta wa kayan sanyi, maganin kuma a sha shi kan lokaci, da yamma a ɗan taka zuwa masallaci a dawo." Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare masu ita.